Ire-iren Iyaye Masu Gadin Waya a Arewacin Kaduna

Gadin waya aiki ne da iyaye suka ɗora wa kansu tun shigowar wayar salula Najeriya a 2001, ya kuma yi tsanani bayan kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe makarantun Kaduna, karatu ya koma rediyo da talabijin da WhatsApp. A da gidan Bahaushe yana da tsarin tsaronsa: baƙo ya tsaya a zaure, saurayi ya aiki yaro ya yi masa sallama da yarinya, zance ya gudana a ƙofar gida ana jiyo gyaran muryar maigida daga ciki. Waya ba ta da zaure. Hana ta kuma ya yi wuya, domin ko rajistar JAMB sai ɗalibi ya tura lambarsa ta NIN daga layin da zai zama nasa shi kaɗai. Daga Kawo zuwa Tudun Wada masu gadin sun kasu kashi-kashi, sai dai duk sun yi tarayya a matsala guda: wanda ake gadi ya fi mai gadi sanin ƙofofin.

Kashi na farko shi ne Kwastan. Aikinsa kai samame. Yana dawowa daga sallar isha'i, bai ko cire hula ba, sai a ji, "Kai, miƙo wayar nan, buɗe ta." Yaro ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu cikin ladabi, wannan ladabin kuwa shi ya kamata ya ba uban tsoro. Abin da zai tarar bai wuce manhajar Alƙur'ani, tsofaffin tambayoyin jarrabawa da zauren zumunta na dangi ba. Wayoyin Tecno da Infinix da suka cika gari da yawansu suna zuwa da hanyar ɓoye manhaja, WhatsApp kuma ya kawo saƙo mai goge kansa a 2020, ya ƙara da kulle hira a 2023. Kwastan yakan mayar da wayar yana sa albarka, washegari ya ba da labarin tarbiyyar ɗansa a majalisa.

Na biyu Ma'aji. Shi bai damu da abin da ke ciki ba, jikin wayar yake tsarewa. Ƙarfe goma na dare ana tattara wayoyin gida kaf, a zuba a durowa, makulli ya kwana a aljihun jallabiya. Tsari ne mai kyau, illarsa ɗaya ce: sim bai kai farce girma ba. Wayar tana durowa, layin yana cikin wata tsohuwar rakani-kashi a ƙarƙashin filo, ko cikin babbar wayar da aka aro wajen ɗan maƙwabta ta kan katanga.

Sai Mai Manhaja, wanda aka fi samu a Malali da Unguwar Rimi, a gidajen da ake cewa Dadi da Momi. Yawanci ma'aikaci ne, ya halarci taron bita, ya ji labarin Family Link da Google ya fitar a 2017, manhajar da ke nuna inda yaro yake, ta ƙayyade masa awanni, ta hana shi sauke abin da uba bai amince ba. Manhajar tana aiki kuwa, in an saita ta daidai. A nan gizo ke saƙa. Bayan rabin awa yana fama da tabarau a karan hanci, sai ya kira wanda ya saba kira in waya ta rikice: "Zo ka ga, me suke nufi a nan?" Yaron da za a sa wa takunkumi shi zai buɗe adireshin imel, shi zai zaɓi lambar sirri, shi kuma zai tuna wa Dadi ita duk ranar da ya manta. An ba kura ajiyar nama, har da rasit. Ƙari a kan haka, wannan yaron yayyensa sun koyi VPN tun lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, darasin da ba malamin da ya taɓa koyar da shi cikin sauri kamar yadda dokar ta yi. Taswirar wayar Dadi takan nuna yaro zaune a islamiyya har magariba. Gaskiya ta faɗa: jakarsa tana can.

Kashi na huɗu kusan duk mata ne, kuma su suka fi kowa samun sakamako. Uwa Mai Leƙen Asiri ba ta taɓa wayar 'ya'yanta. Fuska take karantawa: murmushin da bai da dalili, wayar da ake kifewa in ta shigo, cajin da ke ƙarewa kafin azahar. Tana da 'yan rahoto, babbansu autan gida, wanda albashinsa aron waya ya buga gem, kuma yakan karɓi irin wannan albashin a ɗaya ɓangaren don ya yi shiru. Ƙarfe biyu na dare takan ga 'yarta tana onlayin, da safe ta tsare ta a kicin. 'Yar tana da tambayar da ta dace, wato me Umma take yi a can a wannan tsakar dare, amma kunya ba ta barin a yi ta. Abin da yarinya ke yi shi ne ta ɓoye mata sitatus. Sai Umma ta koma gani ta wayar gwaggo da ke Unguwar Dosa, a ɓoye wa gwaggo, a koma wajen inna ta Badarawa, har dangi su ƙare.

Akwai Mai Kai Ƙara Kasuwa, wanda kan ɗauki wayar da aka ƙi buɗe masa ya nufi masu gyara a wajajen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Mai gyaran sa'an ɗansa ne. Zai ce, "Alhaji, wannan sai dai filashin," ya karɓi kuɗi, ya goge komai, har hujjar da aka zo nema.

Mai Wa'azi da Mai Tawakkali maƙwabtan juna ne. Na farko yakan turo sautin malamai a kan illar TikTok sau uku a rana ta cikin wayar da yake tsinewa. Na biyu cewa yake "Allah ya shirya," ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Wani lokaci ba sakaci ba ne, alkunya ce: uban da ba ya iya kiran sunan ɗansa na fari da wuya ya iya tambayarsa wace ce Zee ɗin da yake hira da ita, don haka yakan aika da tambayar ta bakin uwa, ta dawo masa a tace.

Ta fuskar hukunci, kowane ɓangare yana da madogara. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin hirar waya, addini ya hana bin diddigin asirin mutane, shi kuma ya ɗora wa iyaye amanar kiwon 'ya'yansu. Tsoron iyayen ma ba na banza ba ne, akwai 'yan damfara, akwai manya masu farautar yara da katin waya da daɗin baki. Abin da aka lura shi ne, yaron da ya faɗa irin wannan tarko ba kasafai yake kai kuka wajen Kwastan ko Ma'aji ba, don ya san hukuncin farko ƙwace wayar ne.

Wajen kaka yake zuwa, ita ce kashi na ƙarshe. Hajiya ba ta san lambar sirrin wayarta ba balle ta wani, jikan ne ke sa mata kati, ya nemo mata tafsiri. Amma wasan jika da kaka ya ba ta lasisin da iyaye ba su da shi. "Kai mijin, wace kishiyar ce ta hana ka barci?" Yaro ya yi dariya, ya matso kan tabarma ya nuna mata hoton. Ta san suna, ta san unguwa, sau da yawa ma ta san kakar yarinyar tun suna amare a Unguwar Shanu. In ɗanta ya zo gaishe ta da safe yana ƙorafin yaron nan ya cika zurfin ciki, sai ta ce masa ya bar mata miji ya sarara, ta tura a kawo masa kunu.