Injiniya, Nawa Ne Sola?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya koma sai an yi baƙo ake tayar da shi. Da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sai kowa ya ɗaga kai ya dubi rana. Masu haɗa sola suka samu kasuwa, suka kuma samu mutane iri-iri.

Na kan gaba shi ne Alhaji Nawa-ne. Ko gaisuwa ba a gama ba: "Injiniya, nawa ne sola?"

"Ranka ya daɗe, me da me za a kunna?"

"Haba, ba wani abu ba ne. Ƙwan fitila ne da fanka, sai cajin waya."

A yi lissafi, a yi ciniki, a sa rana. Ran da aka je gidan sai a tarar da firiza biyu, da esi a ɗakin amarya, da injin jan ruwan burtsatse a tsakar gida. In ka yi magana, ya ce ai waɗannan ba kullum ake kunna su ba. Ni dai ban ɗauke shi maƙaryaci ba. A ransa rana kyauta ce daga Allah, to don me za a yi masa awo? Abin da ba ya son ji shi ne batir randa ce, abin da aka zuba da rana shi ake ɗiba da dare. Batir mai ruwa ɗan 200Ah, na bolt 12, bai wuce yunit biyu da 'yar ɗoriya ba, kuma in ana son ya yi ƙarko rabi kawai ake sha.

Ƙaninsa shi ne Mai Maƙwabci. Duk kuɗin da ka faɗa, maƙwabcinsa ya sa wanda ya fi wannan a rabin farashin. Yaushe? Shekaru uku kafin a saki naira. Dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati lokacin, ta haura 1,500 a 2024, kuma farantin sola da inbata da batir galibi daga Sin ake shigo da su. Wannan bai dame shi ba, shi dai maƙwabci.

Akwai Farfesan YouTube, wanda ya kwana yana kallon bidiyo. Ya san sunan MPPT, bai san aikinta ba, amma sai ya tsaya a gindin tsani yana yi wa injiniya gyara.

Sai uwa uba, gidan Ba-mu-taɓa-komai-ba. Ƙarfe biyun dare waya za ta yi ƙara: "Injiniya, abin nan naka yana ta kuka, wuta ta ɗauke!" Da ya lalace sai ya zama "abin nan naka". Da safe injiniya ya zo, inbata na nuna an yi mata lodi fiye da ƙima.

"Hajiya, an yi guga?"

"Mu? Wallahi ba mu taɓa komai ba."

Yara sun yi tsit, 'yar aiki tana kallon silin. Gogaggen injiniya ba ya gardama. Zagayawa yake a hankali har ya tarar da dutsen guga a bayan ƙofa, ya ɗora hannu, ya ji da sauran ɗumi. Dutsen nan shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye, abin da ƙwan fitila ɗari masu wat goma za su ja. A lokacin sanyi kuma hita ce a cikin bokiti, wadda ba a taɓa samun wanda ya saye ta ba, balle wanda ya jona.

Wani kuma laifinsa ɗaya, bai taɓa leƙa rufin ba. Ƙurar hunturu ta yi wa farantan bargo, tantabaru sun ƙara nasu, batir ya ƙafe ba a zuba masa ruwan batir ba, amma shi ya rantse jabu aka sayar masa.

Kada su injiniya su yi dariya, su ma da nasu. Ga Injiniya Batir-ne, wanda tun a waya ya gano ciwon. Ko fis ne ya ƙone, ko waya ce ta saki, batir ne, kuma yana da wani a shago. Ga mai siririyar waya, wanda ya rage kuɗi a inda maigida ba zai gani ba, sai an fara jin ƙaurin roba. Ga wanda ya kafa farantai a ƙarƙashin darbejiya, ko ya juya su arewa alhali a ƙasarmu kudu ake fuskantar da su, don kawai nan ne rufin ya fi sauƙin hawa. Ga Ina-hanya: ka kira shi ran Litinin yana Kabuga, ran Alhamis ya iso Gadon Ƙaya.

Amma duk cikinsu ba wanda injiniya ke tsoro kamar Mai Ciko. Ya biya kaso mafi yawa, ya riƙe saura "sai na ga yadda abin zai yi". Da bazara ya ce a jira damina a ga yadda zai yi da hadari. Da damina ya ce a bari hunturu ya shigo. Hunturu na wucewa sai ya kira da kansa, murya a sake: "Injiniya, dama ina nemanka. Mun ƙaro firiza ne, ka zo ka jona mana, sai a haɗa lissafin gaba ɗaya."