Mutanen Kwata: Ɗaya na Riƙe da Igiya, Goma na Ba da Umarni

Jalingo ba garin jirgin ruwa ba ne. Amma duk mazaunin garin nan, wata rana sai ƙafa ta kai shi bakin kwata: ko Mayo Renewo sayen kifi, ko Lau don haye kogin Binuwai zuwa ƙasar Karim Lamido, ko can Ibi. Da ambaliya ta karya gadar Namnai a daminar 2024 kuwa, har mai zuwa Wukari da bai taɓa mafarkin fito ba sai da ya koya dole, shi da motarsa.

A Amurka, masu ƙananan jiragen shaƙatawa a kan tirela suke ajiye su a gida, mota ta ja su zuwa bakin ruwa. A gaban tirelar wasunsu akwai wani makulli mai sifirin. Mai jirgi ya turo jirginsa, zoben ƙarfen da ke goshin jirgin ya daki makullin, sai ka ji ƙas, ya kama. Ranar sakewa ma ɗan hannun ƙarfe ake ja, shi ke nan. Mutum ɗaya, ba ihu, ba jiƙa wando. Mu kuwa namu makullin yaro ne mai tsohuwar igiya, tare da kwamitin da ba wanda ya naɗa.

Yaron nan shi kaɗai ne ma'aikaci a wurin. Tun kafin a kashe injin Yamaha ya dira cikin ruwa har ƙugu, ya ja goshin jirgi, ya kewaya turke da igiya sau biyu, ya yi wani ƙulli wanda jirgi mai buhu hamsin ba ya kwance shi, amma shi da yatsa biyu yake warwarewa. Ya ɗauko katako ya shimfiɗa, ya koma ya ɗauki rabin jarka yana kwarfe ruwan da ya taru a ciki. Ba wanda ya san sunansa. "Kai yaro" ake ce masa, in jirgi ya goce kuma shi ake zagi.

Shugaban kwamiti shi ne Injiniyan Baki. Za ka gan shi a kan tudu, hannuwa a baya, takalminsa ko ɗigon ruwa bai taɓa gani ba. "Kawo! Kawo! Dama-dama! A'a, hagu! Na ce hagu!" Mai jirgi da ya shekara talatin a kan ruwa bai ko dube shi ba. In jirgi ya tsaya daidai, sai ya juyo ya dubi jama'a: "Kun gani ko? Da ya bi ta tasa, da yanzu wani zance ake." In bai tsaya daidai ba, dama ai ya faɗa. Abin da na kasa ganewa shi ne, ba fasinja ba ne, ba ma'aikaci ba ne, ba ya sayar da komai, amma kullum yana nan.

Sai Gaggawa, wanda ba ya jiran a ɗaure. Yakan yi tsalle ƙafa ɗaya a jirgi, ɗaya a gaɓa, jirgin ya ja baya a hankali, ƙafafun su yi ta rabuwa har wando ya yi magana. Saurin me yake yi? In ka hau tudu za ka same shi wurin mai shayi yana shanya hula.

Mai lodi kuma addininsa guda ne: jirgi ba ya cika. "Saura mutum ɗaya" yake cewa tun hantsi, ya sa mutum bakwai, har yanzu saura mutum ɗaya. "Baba, ɗan gyara. Hajiya, ɗora yaron a cinya." Ka nuna masa cewa tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi tafin hannu ba, ya yi dariya ya ce jiya sun ɗauki fiye da haka. Ka lura da kyau: in an tashi, shi a gaɓa yake zama yana ƙirga kamasho.

Abokiyar cinikinsa ita ce Goggo mai "ɗan kaya". "Ɗana, ɗan kaya ne, ba yawa." Ɗan kayan: buhun masara uku, kwandon bandar tarwaɗa, jarkar manja, akuya da 'ya'yanta biyu, da wani ƙunshi da ba a yarda kowa ya zauna kusa da shi ba. Kuɗin mutum ɗaya za ta biya, kuma sai ta ci nasara, domin mai jirgi ya gaji tun kafin ta gama tarihin yadda ta san kakarsa.

Masu mota a mashigin Namnai su kam littafi guda ne. Akwai Alhajin da ya sauka ya miƙa wa yaran kwata makullin motarsa, ya juya baya don kada ya ga tayoyinsa suna hawa kan katako biyu, carbi na gudu a hannunsa kamar injin markaɗe. Akwai kuma Oga, wanda ya rantse ba mai taɓa masa sitiyari. Shi zai hau da kansa, Injiniyoyin Baki huɗu na ba shi umarni huɗu, taya ɗaya ta zame, sai ka ji muryarsa ta sauka: "Don Allah samari, ku taimaka." Da an ɗora motar kuma ya ɗage gilashi, ya kunna sanyi, ya zauna ciki abinsa a tsakiyar kogi.

Ɗan acaban da ya ƙi sauka daga kan babur ba sai na ɓata tawada a kansa ba. Haka ma budurwar da ke miƙe tsaye tana ɗaukar bidiyon TikTok tana cewa ga su a kan teku. Amma a ji tausayin wanda yau ne shigarsa ta farko: ya cika baki a mota, jirgi na motsawa ya damƙi cinyar maƙwabcinsa, bai saki ba sai a ƙetare, sannan ya ce ai ruwan ma ba zurfi.

Na ƙarshe shi ne wanda dariyarsa ba ta da daɗi: Ɗan Ruwa. A miƙo masa rigar ceto, ya ture. "Ni a bakin kogi aka haife ni." Wani ya ce zafi, wani ya ce za ta ɓata masa gugar shadda, wani ya ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Wannan malamin da bakinsa ya faɗi haka, da dare sai ya sa wa shagonsa kwaɗo biyu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta sa rigar, ta hana tafiyar dare, amma doka ba ta iyo. A watan Oktoban 2023 jirgin da ya taso daga kasuwar Mayo Renewo zuwa Binnari ya kife a Binuwai, aka rasa rayuka da yawa, ciki har da mata da yara.

Don haka mai karatu, in an miƙo maka rigar, karɓa ka sa, ka ɗaure igiyoyinta. In ka ga jirgi ya cika mai lodi na cewa saura mutum ɗaya, kada ka zama mutumin. Jira na gaba.