Jama'ar Gindin Allo

A tsaunukan Turai, duk inda hanyar mota ta gama hawa za ta fara gangara, hukuma kan kafa allo ɗauke da sunan wurin da tsayinsa daga bakin teku. Col du Tourmalet, mita 2,115. Col du Galibier, mita 2,642. Don matafiyi ya san inda yake aka kafa shi, amma masu keke sun daɗe da ƙwace shi. Da an kwashe ƙanƙara an buɗe hanyoyin, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, sai ka ga samari da dattawa, maza da mata, cikin matsattsun kaya, sun yi layi suna haki, kowa na jiran a zo kansa ya jingina kekensa ya ɗauki hoto. Kuma hoton keken ake so. Mai keken da ya yi awa biyu yana zubar da gumi sau da yawa ba ya ma fitowa a ciki.

Wanda ke gaban layi, ya sa kowa tsaki, shi ne Mai Kwalliya. Shi hoto a wurinsa sharuɗɗa gare shi. Dole ɓangaren sarƙa ne zai kalli kyamara. Dole a mayar da sarƙar kan babban faifai, don kada duniya ta gane cewa da giya mafi sauƙi ya lallaɓo. Sai ya juya tayoyin har bawul ɗin gaba da na baya su kalli ƙasa tare, ya daidaita feda, ya cire gorar ruwa, ya tura ɓawon ayaba gefe da ƙafa. Amarya ma ranar buɗar kai ba a ɓata mata wannan lokacin. Ya ja da baya, ya tsuguna, ya miƙe, ya dawo ya gyara abin da shi kaɗai ke ganinsa. Su kuwa na baya gumi ya bushe a jikinsu, haƙora sun fara haɗuwa, don a mita 2,600 ko a watan Yuli iskar ba ta wasa. Ƙarshenta iskar ce ke rama wa jama'a. Daidai lokacin da zai danna sai ta kifar da keken, wanda kuɗinsa ya fi na wata motar, ka ji ƙarau, ka ga kowa ya kawar da kai yana cizon leɓe.

Bayansa sai Mai Ɗagawa, wanda ba ya yarda ya iso sai ya ɗaga keken bisa kansa da hannu biyu yana ihu. Abin da sauƙi, tunda keken tsere bai fi kilo bakwai ko takwas ba. Matsalar ita ce ɗan yawon duniyar da ke biye da shi, mai jaka huɗu da tanti da tukunya, wanda shi ma yake so a gan shi haka.

Akwai kuma Mai Mota. Wannan ya hau dutsen sarai, amma a zaune, rediyo na kiɗa. Yakan ajiye motar a bayan kwanar ƙarshe, ya sauke keken, ya zuba ruwa a kai, ya tako mita ɗari biyu yana yamutsa fuska. Ba shi da wuyar ganewa: bayan rigarsa a bushe yake, maganarsa ba ta yankewa, kuma makulli na kacau-kacau a aljihu. Ɗan'uwansa na nesa shi ne Mai Batir. Dokar Tarayyar Turai ta yarda injin keke mai batir ya taimaka wa mai shi har gudun kilomita 25 a awa, don haka yakan wuce masu haki yana hira, ya iso ko gumi babu. Ni ban ga laifinsa ba. Albarkacin batir ne tsohuwa mai shekara saba'in take ganin kan Tourmalet da ƙafarta a feda. Inda nake raba gari da shi shi ne lokacin hoto, da zai tsaya ya kare batirin da cinyarsa.

Can gefe, zaune bisa dutse, akwai Tsohon Hannu, kekensa na ƙarfe, rigarsa ta koɗe. Shi ba ya hoto, kuma sai ya tabbatar kowa ya ji cewa ba ya hoto. In ka kuskura ka gaishe shi, ka shiga aji. Zai fara da 1910, shekarar da gasar Tour de France ta fara hawa Tourmalet, hanya ba kwalta, har Octave Lapize, wanda ya ci tseren ranar, ya sauka yana tura keke, daga baya ya dubi masu shirya gasar ya kira su masu kisan kai. Sai ya wuce 1913, ya ba ka labarin Eugène Christophe, wanda ƙarfen da ke riƙe da tayarsa ta gaba ya karye a gangaren dutsen. Ya saɓa keke ya taka kilomita goma ko fiye zuwa ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya gyara da hannunsa, don doka ta hana a taimaka wa ɗan tsere. Duk da haka alƙalai suka ci tararsa mintuna, wai don wani yaro ya yi masa zuga. Labarin gaskiya ne, sai dai yadda tsohon ke ba da shi za ka rantse shi ne yaron. In ya gama, sai ya miƙo maka waya a hankali ya ce ka ɗauke shi guda ɗaya, jikoki ne suka matsa.

Wanda na fi jin daɗin kallo shi ne Mai Lissafi. A 1972 aka kafa wata ƙungiya a Faransa, Club des Cent Cols, wadda ba ta karɓar mutum sai ya ƙetare mashigan duwatsu ɗari da keke, biyar daga ciki masu tsayin mita 2,000 ko fiye. Mai Lissafi ɗanta ne, ko mai neman zama. Yana da littafi a aljihu, kuma bai yarda da allon da ya sha wuya ya zo gani ba. A Col de l'Iseran zai nuna maka cewa allo ya ce 2,770, taswira kuwa ta ce 2,764, don haka hotonka ya yi ƙaryar mita shida. A Mont Ventoux zai lissafa maka alkaluman da aka sha rubutawa, 1,909 da 1,911 da 1,912, sannan ya ƙara da cewa wurin ma ƙololuwa ce, ba mashiga ba, ba ta shiga littafi. A Bonette har ransa ke ɓaci, don mashigar na mita 2,715 ne, aka zagaya da hanya bayan wani tudu har 2,802 don kawai a fi kowa tsayi. Ranar sallarsa kuwa a Alpe d'Huez take. Hawan na da kwana 21, kowacce da allonta da sunayen waɗanda suka taɓa cin tseren Tour de France a wurin. Yawancin baƙi kan tsaya a farkon garin, inda shagunan kofi suke, su rungumi juna, su aika hoto gida. Sai ya bari an kawo musu kofi, 'yan'uwa sun fara turo barka, sannan ya matso da murmushi ya sanar da su cewa inda Tour de France ke ƙarewa yana can sama, saura fiye da kilomita guda.

Su kansu allunan da ƙyar ake karanta wasunsu, saboda Mai Sitika. Kowace ƙungiyar keke daga Holan da Beljiyam da Jamus sai ta liƙa tambarinta, har sunan dutsen ya nutse. Masu babur kuma su faka a gaban allon su tafi cin abinci, musamman a Stelvio ta Italiya, inda bayan kwana 48 za ka tarar da kasuwa sosai, hayaƙin gashin nama na tashi. Ga kuma bawan Allah mai kirki da ka roƙa ya ɗauke ka. Sai ka gangara ƙasa ka buɗe waya ka ga kekenka ya fito, takalminka ya fito, lambar tsayin ce kawai ya yanke.

A gindin dutsen akwai wani allon da ba a yi masa layi: zagayayye, mai jan baki, da zanen keke a tsakiya. Ma'anarsa keke ba ya wucewa nan. Yakan bayyana ne bayan an gyara hanya. An faɗaɗa ta, an mai da ita tagwaye, an huda dutse, an ƙara gudu, sai a wayi gari hanyar da kakanni suka bi da keke ta zama ta masu inji kaɗai. A Faransa, shuɗin allo mai farar mota ya isa ya kori keke da mai ƙafa da tarakta baki ɗaya. Ramin Mont Blanc, mai kilomita 11.6, tun buɗe shi a 1965 na motoci ne. A Galibier ma akwai rami ƙasa kaɗan da ƙololuwa, wanda aka sake buɗewa a 2002. Mota na iya yanke ta ciki, keke kuwa an hana shi, dole ya hau kilomitar ƙarshe, wadda tana cikin mafi tsanani. Mai inji aka sauƙaƙa wa, mai ƙafa aka bar wa tudu. Wani lokacin dai gyaran alheri ne. Da Suwizalan ta buɗe ramin Gotthard a 1980, kusan kilomita 17, manyan motoci suka koma ƙarƙashin ƙasa, tsohuwar hanyar Tremola mai daɓen duwatsu ta zama wurin shaƙatawar masu keke.

Jama'ar wannan allo daban suke. Na farkonsu Injiniya. Ba ya ƙin keke, mantawa kawai yake da shi. Sai an gama zane an ba da kwangila wani zai yi tari ya ce, af, masu keke fa? Nan take a aiko da gwangwanin fenti. A ja layi a gefen titi, a zana keke, layin ya yi mita ɗari uku ya mutu a bakin shataletale, daidai inda aka fi bukatarsa. A Ingila har da ɗan allo mai ladabi da ke roƙon mai keke ya sauka ya tura. Ko kuma a nuna masa wata hanya ta bayan gonaki, mai ƙofar shanu da taɓo, da ta ninka tafiyar. In ka yi magana, Injiniya ya zaro takarda: ya aika an ƙirga masu keke a tsohuwar hanyar, mai cike da tireloli, an samu 'yan ƙalilan, saboda haka babu bukata. Ba ya tambayar abin da ya kori sauran. Kuma masu matsattsun kaya ba su ne ke asara ba, su suna da lokacin zagaye, zagayen ma daɗi yake musu. Mai asara shi ne leburan da ke zuwa masana'anta a ƙauyen gaba da asuba, da 'yar makarantar da yanzu sai an kai ta a mota.

Kishiyar Injiniya shi ne Ɗan Taurin Kai. A Birtaniya an hana keke hawa manyan titunan da sunansu ke farawa da M, amma yawancin tagwayen hanyoyi masu A a buɗe suke. Tunda doka ta ba shi, to sai ya bi, ko da tirela na aske masa gwiwar hannu. Wasu ma son hanyar suke. 'Yan tseren agogo sun daɗe suna ƙaunar A63 kusa da Hull, saboda shimfiɗaɗɗiya ce kuma iskar motoci na jan mutum gaba. A 2018 hukumar manyan hanyoyin Ingila ta nemi hana keke a wani yankinta, dubban mutane suka rubuta ƙin amincewa, ta janye a shekarar. Shi kuwa Baƙo ba taurin kai ne ya kai shi ba, kyan kwalta ne ya ruɗe shi. A 2014, gab da wasannin Commonwealth na Glasgow, 'yan sanda sun tare 'yan tseren Siri Lanka suna atisaye a kan M74. Shekara goma sha biyu kafin nan, a wasannin Manchester, 'yan Kenya biyu sun yi irin haka a M61. Mutum ya ga titi sumul har da fili a gefe, ina laifinsa in ya zaci don shi aka bari?

Mutum ɗaya ne ke jingina keke a jikin allon hani ya ɗauki hoto, shi ne Mai Wasiƙa. Kekensa tsoho ne mai kariya da fitila, ba ya juya bawul, kuma hotonsa ba na nuna wa abokai ba ne, shaida ce da zai liƙa a shafi na huɗu na ƙorafinsa. Ya san faɗin kowane layin fenti a gundumar, don ya auna da tef. In Bafaranshe ne, ya haddace dokar 1996 da ta wajabta a tanadi hanyar keke duk lokacin da aka gina ko aka sabunta titi a cikin gari, da ƙarin da aka yi a 2019 game da hanyoyin bayan gari. Ƙungiyoyin masu keke irinsa sun sha kai ƙananan hukumomi kotu a kan wannan doka, kuma sun sha cin nasara. Duk taron jin ra'ayin jama'a da za a kira a zauren ƙauye ranar Talata da dare, shi ne a kujerar gaba da fayil a cinya, Injiniya na hango shi gabansa ya faɗi. Matarsa ta daina zuwa biki da shi, don sai ya tsare surukai da zancen shataletale. Mai Kwalliya bai san sunansa ba, ko da yake ta ƙaramar gadar da ya yi shekaru yana naci aka gina ya bi da safe ya isa gindin dutsen.

Cikin duk wannan jama'a babu mai gundura kamarsa, kuma shi kaɗai ya cancanci a saya masa kofi. In ka gamu da shi, mai karatu, ka sa hannu a takardarsa, amma kada ka tambaye shi yaya ake ciki sai in ba ka da wani aiki ranar.