Sirrin Jaridar da Ba Ta Faɗi Zaɓe Ba Tun 1979

A Birtaniya akwai jarida mai suna The Sun, wadda attajiri Rupert Murdoch ya saya a 1969. Daga 1979 zuwa 2024 an yi babban zaɓe sau 12 a ƙasar, kuma a kowanne, shugaban jam'iyyar da jaridar ta mara wa baya shi ne ya zama firaminista. Wannan tarihi ya cancanci a yi wa mai karatu bayaninsa daki-daki, domin abin ya shafi duk mai neman labari a lokacin kamfe.

Mu fara da doka. Wajibi ne gidajen rediyo da talabijin na Birtaniya su yi adalci tsakanin jam'iyyu, hukumar Ofcom ce ke sa musu ido, kuma ranar zaɓe ba su da damar tattauna batun kamfe sai an rufe rumfuna da ƙarfe goma na dare. Jaridu kuwa babu wannan takunkumi a kansu. Daily Mirror ta daɗe tana bayan jam'iyyar Leba, Daily Telegraph kuma tana bayan Kwanzabatib ta masu ra'ayin riƙau. Waɗannan biyu sun sha ci, sun sha faɗuwa, saboda ba sa gusawa daga inda suke. The Sun ce ta gano cewa faɗuwa ba dole ba ce. Hanyarta matakai huɗu ce.

Mataki na farko shi ne ɗaga murya. Ranar zaɓen 9 ga Afrilu 1992, jaridar ta sa hoton kan shugaban Leba, Neil Kinnock, a cikin ƙwan lantarki a shafin farko, ta rubuta cewa idan Kinnock ya ci yau, don Allah mutum na ƙarshe da zai fice daga Birtaniya ya kashe wuta. A lokacin tana sayar da kwafi sama da miliyan uku a kullum. Ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna kusan kankankan ake, amma John Major na Kwanzabatib ya samu kujeru 336.

Mataki na biyu shi ne karɓar yabo kafin a raba. Bayan kwana biyu jaridar ta sanar a shafin farko cewa ita ce ta ci zaɓen. Mutane miliyan 14 da suka fita suka jefa wa Kwanzabatib ƙuri'a sun tashi da safe suka karanta sunan wanda ya yi aikin.

Mataki na uku ya fi sauran muhimmanci, kuma haƙuri yake buƙata. A watan Maris 1997, lokacin da Leba ta ba Kwanzabatib tazarar maki kusan 20 a ƙuri'un jin ra'ayi, The Sun ta bayyana cewa ta koma bayan shugaban Leba, Tony Blair. Blair ya lashe kujeru 418. A Satumban 2009, da farin jinin firaminista Gordon Brown na Leba ya zube, ta sanar cewa ta yi hannun riga da Leba, ta koma wajen David Cameron na Kwanzabatib. A 2024 kuwa ta jira har 3 ga Yuli, ana gobe zaɓe, sannan ta ce ƙasa na buƙatar sabon manaja, ta bi Keir Starmer na Leba, wanda ya yi watanni yana gaba da tazara mai yawa. Aikin ya yi daidai da na makaɗin dambe da ke riƙe kalangunsa shiru har sai ya ga ƙafar ɗaya daga cikin 'yan damben ta fara rawa, sannan ya ɓarke da kirarin ɗayan, daga baya ya ce kiɗansa ne ya yi kisan.

Mataki na huɗu na lokacin da ƙasa ta rabu biyu ne. A ƙarshen Afrilu 2015, bugun The Sun na Ingila ya ce a zaɓi Kwanzabatib domin a hana jam'iyyar SNP ta Sikotland juya ƙasa. A rana guda, bugun jaridar na Sikotland ya ce a zaɓi SNP. Cameron ya samu rinjaye a majalisa, SNP ta kwashe kujeru 56 daga cikin 59 na Sikotland. Jaridar ta ci zaɓe a kudu, ta ci a arewa.

Akwai kuma darasi daga jaridar da ta tsallake mataki na uku. A 2004 The Guardian ta Landan ta nemi masu karatunta su rubuta wa mazauna gundumar Clark a jihar Ohayo ta Amurka wasiƙu kan zaɓen George Bush da John Kerry, alhali kowa ya san ba ta son Bush. Gundumar da Al Gore, ɗan jam'iyyar su Kerry, ya ci da ƙyar a 2000, sai ga ta ta koma hannun Bush.

To, mene ne ribar duk wannan? Ribar ita ce 'yan siyasa su yarda cewa jarida na naɗa sarki. Da zarar sun yarda, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, sai su fara kai gaisuwa. A 1995, Blair yana shugaban adawa, ya keta duniya har tsibirin Hayman na Ostireliya domin ya yi jawabi a taron kamfanin Murdoch. A 2012, a gaban kwamitin bincike na Mai Shari'a Leveson, Murdoch ya ce bai taɓa roƙon wani firaminista komai ba, ya kuma ce ya yi wa editansa Kelvin MacKenzie faɗa sosai kan kanun 1992 na cewa jaridar ce ta ci zaɓe. Ya ƙara da cewa ɗan siyasar da ke son sanin ra'ayinsa, ya karanta sharhin The Sun ya ishe shi. Wanda ake karanta ra'ayinsa kowace safiya a ofishin firaminista, roƙo bai kama shi ba.

Sharhin da jarida ta fito fili ta ce ga wanda take so, shi ne mafi ƙarancin illa, domin ta faɗi sunanta ta faɗi gwaninta, kowa ya gani. Ɓarnar tana cikin labaran yau da kullum: wane labari aka sa a gaba, wanne aka tura shafi na 20, wane hoto aka zaɓa. Ana gobe zaɓen 2015, The Sun ta cika shafin farko da tsohon hoton shugaban Leba Ed Miliband yana fama da lomar burodi da nama, baki a karkace. Hoton na gaske ne, ba a ƙara masa komai ba, amma kuma bai gaya wa mai zaɓe komai game da haraji ko asibiti ba.

Saboda haka mai karatu, a duk ƙasar da yake, yana da aiki uku a lokacin kamfe. Ya san mai jaridar da abin da yake nema a wurin gwamnati. Ya duba ranar da ta bayyana gwaninta, ya gwada da lokacin da gwanin ya riga ya wuce gaba. Sannan ya ɗauki labari guda ya karanta shi a jaridu biyu masu adawa da juna, ya lura da abin da kowacce ta bari a waje. Jarida na da 'yancin zaɓar ɗan takara, amma ba ta da ƙuri'a ko ɗaya, sai wadda mai karatu ya ba ta aro.