Ba netwok ba ne, bakina ne

Duk wanda ya tambaye ni abin da ya sa ba na ƙaunar koyarwar nan ta gamin gambiza, rabi a aji rabi a intanet, amsata a shirye take: babu wuta, data ta yi tsada, netwok ɗin unguwarmu sai an hau bene. Duk gaskiya ne, kuma na daɗe ina fakewa da su. Amma ciwon na ainihi daban ne. Ni mutum ne mai son jin muryarsa, tsarin nan kuwa bai tanadar wa irina wuri ba.

A watan Maris na 2020 korona ta rufe makarantu, ƙungiyarmu ta malaman jami'a, ASUU, kuma ta tsunduma yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Allah Ya yafe mini, hamdala na yi a ɓoye, don yajin aikin ya rufa mini asiri, babu mai cewa in buɗe Zoom. Da aka dawo ne aka ce kowane malami sai ya halarci bita a kan wannan tsarin koyarwar.

Mai koyar da mu tsohuwar ɗalibata ce. Ta ce malami zai ɗauki bidiyo na kamar minti 10 a kan batu guda, ya ɗora a Moodle tare da abin karantawa da 'yan tambayoyi, ɗalibai su kalla a gida. Ranar haɗuwa a aji kuma su ne da magana, su yi muhawara, su warware matsala, malami ya saurara ya gyara. Minti 10! Ni da a wannan lokacin ban gama gaisuwa ba, balle labarin yadda muka yi karatu da fitilar aci-balbal, wanda kowane aji sai ya sha shi kafin mu taɓa darasi.

Na zauna na ɗauki nawa. Ya zarce awa guda, ya ƙi hawa saboda nauyi, na kai mata ƙara cewa na'urarsu ce ta lalace. Ta kalla, ta yi shiru, can ta ce, "Ranka ya daɗe, Malam, ai darasin daga tsakiya ya fara." Na ce, "'Yata, wancan shimfiɗa ce." Ta sunkuyar da kai ta ce ko za a ɗan naɗe shimfiɗar.

Zoom na kyauta yana katse taro bayan minti 40. Ya katse ni ina tsakiyar gabatarwa, da na sake shiga na tarar rabin ajin sun samu kafa sun tsere. A ɗakin lacca ba su da wannan gata, don ƙofa ɗaya ce, kuma kusa da ita nake tsayawa.

Babban tonon sililin shi ne takardun laccata, waɗanda suka yi ja don tsufa. Da na ɗora su, yaran suka karance a dare ɗaya abin da nake shafe zangon karatu ina yi musu shifta. Washegari suka zo da tambayoyi, abin da ban saba gani ba. Kuma kada in ci amanar gaskiya, tambayoyin sun fi laccar armashi. Amma mai hali ba ya fasa halinsa: in na jefa tambaya, kafin wani ya ɗaga hannu na amsa abata. An ce in riƙa ƙirga goma a zuci kafin in buɗe baki. Har yau a uku nake karaya.

Ku masu shirya mana bita, danna maɓalli ba shi ne matsalarmu ba, wannan ko jikokinmu za su koya mana a gida. Ku ware zama guda na koyon yin shiru, ku ajiye ni a layin gaba, kuma kada ku kuskura ku ba ni makirfo in yi jawabin godiya.