Fitila a Ƙasar Rana

Noman ruwa, wato rainon ganyayyaki ba tare da ƙasa ba, inda saiwa ke zama cikin ruwan da aka narka wa sinadaran taki, dabara ce da masani William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya yayata a shekarun 1930. A biranen Turai, inda hunturu ke rage hasken rana, akan rataya wa shukar fitilar lantarki domin ganye ya samu hasken da yake haɗa abincinsa da shi.

Kawo wannan fitila ƙauyukan Dambatta ko Kunci kuwa, inda rana ke busar da tumatir a kan tabarma kyauta, lamari ne mai bukatar dogon bayani, musamman da yake wutar da za ta kunna ta sai an taki sa'a ake ganinta, idan kuma aka haɗa ta da sola, to an tare rana ne an sayar wa latas ita da tsada. Tattalin ruwan da wannan noma ke yi dai abin so ne, domin rijiya kan ja baya da bazara. Amma yakuwar bayan ɗaki, wadda ruwan alwala ke rayawa, babbar matsalarta akuya ce, kuma har yau maganin akuya danga.