Bazazzage, ka bar kwamfuta ta yi barci

Bawana Bazazzage, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ina gajiya, ina boko, ina kuma dogon Turancin nan da ba ya sayen ko ƙullin gishiri a kasuwar Kurmi?

Labari ya iso Kano cewa har yau kwamfutocin shagonka na buga takardu da ke Samaru ba su san barci ba. Da zarar yaranka sun ɗauke hannu na minti biyu, sai allo ya yi duhu, sunanka ya bayyana da manyan baƙaƙe masu ƙyalli yana juyi yana wulƙitawa, Alhaji a gaba, Dakta a tsakiya, a baya kuma wasu haruffa a jere waɗanda kai kanka sai ka duba takarda kafin ka faɗi abin da suke nufi. An ce wani ɗalibi da ya zo buga furojet ya tambayi amfanin abin, ka gyara zaman tabarau ka yi masa lacca a kan yadda sikirin seba ke hana monita ƙonewa. Yaron ya tafi yana jinjina iliminka, bai san karatun da ka ba shi ya girme shi ba.

Ba zan danne maka haƙƙi ba, don mu Kanawa ba ma cin zalin bayinmu. Maganar da ka faɗa gaskiya ce a zamaninta. Ka tuna tsohuwar monita mai dogon ƙeya, wadda sai mutum ya rungume ta a ƙirji yana nishi kafin ya kai ta tebur. A can ƙarshen ƙeyar akwai wata 'yar bindiga da ke harbo lantarki zuwa gilashin gaba. Cikin gilashin an shafe shi da wani sinadari da ake kira fosfo, wanda ke yin haske duk inda harbin ya same shi. Harbin yana bin allon layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, sau 60 ko fiye a kowace daƙiƙa. To sinadarin nan yana gajiya, kuma inda aka fi duka ya fi saurin dusashewa. Idan rubutu guda ya zauna wuri guda wata da watanni, sai ya bar tabo a gilashin, ko an kashe na'urar kana iya karanta fatalwarsa. Monitocin nan masu launi ɗaya, kore ko ruwan goro, da ake gani a bankuna da ofisoshin sayar da tikitin jirgi, su suka fi shan wannan wahala. Injinan wasan Pac-Man da suka fito a 1980 ma haka suka ƙare, zanen lungunan wasan ya manne a fuskarsu har abada.

Don maganin wannan ne wani Ba'amurke mai suna John Socha, wanda daga baya ya rubuta Norton Commander, ya fitar da wata 'yar manhaja a mujallar Softalk a ƙarshen 1983. Aikinta guda ne tak. Idan an yi minti uku ba a taɓa kwamfuta ba, sai ta baƙanta allon ɗungurungum. Ka lura da kyau, bawana, mutumin bai sa sunansa da digirorinsa suna shawagi ba. Ado daga baya ya shigo. A 1989 wani kamfani a Kalifoniya, Berkeley Systems, ya fito da After Dark, wadda ta yi suna da na'urorin gasa burodi masu fukafukai suna tashi a allo, mutane kuma suka dinga cire kuɗi suna saye. Windows ta biyo da nata kyauta: taurari masu tunkaro ka, bututu masu launi da ke tsirowa suna lanƙwashewa, da lungunan jan bulo da ake ta ratsawa ba a fita. Duk wanda ya yi zaman kafe a farkon shekarun 2000, ya sayi awa guda yana jiran akwatin saƙonsa na Yahoo ya buɗe, ya ƙoshi da kallon bututun nan a kwamfutar kusa da shi.

Abin da malamanka ba su gaya maka ba, ko suka gaya maka kana gyangyaɗi, shi ne tun a lokacin an riga an wuce wurin. A 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da tsarin Energy Star don rage wutar da kayan ofis ke sha. A 1993 ƙungiyar masu ƙera kayan allo, VESA, ta tsayar da ƙa'idar da kwamfuta za ta iya cewa monita ta kwanta, ta kuma tashe ta da an motsa linzami. Wato tun shekarar da aka soke zaɓen 12 ga Yuni duniya ta sami maganin da ya fi naka. Kai ne dai saƙon bai iso maka ba, alhali Zariya a kan hanyar jirgin ƙasa take.

Yanzu mu zo ga abin da ke kan teburinka. Monitocin nan falan-falan na tokumbo da ka jera, Dell da HP, duk LCD ne. Ba bindiga a cikinsu, ba gilashin da ake harbi. Fitila ce a baya tana ci, a gabanta kuma miliyoyin ƙananan ƙofofi na wani ruwa mai daskarewa, suna buɗewa suna rufewa don haske ya wuce ko a tare shi. Hoto ya daɗe a kansu yakan bar 'yar inuwa wani lokaci, amma galibi tana gushewa idan an kashe an bar shi ya huta. Abin da ke tsufa na gaske a LCD shi ne fitilar bayan, ita kuwa da awannin da ta yi a kunne take tsufa, ba ruwanta da hoton da ke gabanta. Ko baƙi ƙirin aka nuna, tana nan tana ci a bayan ƙofofin da aka rufe. Duk daren da sunanka ya kwana yana rawa, fitilar ce ke biyan kuɗin makaɗa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Ka ɗauki mai gadi don kura a garin da rabon a ga kura tun kana ɗan firamare, shi kuma yana cin tuwonka safe da dare.

Na san abin da za ka ce, wai Bakano ba ya ganin komai sai ta fuskar kuɗi. Na karɓa, ɗauko biro. Mu ƙaddara kwamfutar tebur da monitarta suna jan wat 100 idan ba a bar su sun kwanta ba. Awa 10 na dare ya zama yunit guda a mita. A watan Afrilun 2024 an kai yunit naira 225 ga 'yan rukunin A. A wancan farashin, dare 30 naira 6,750 ke nan a kan kwamfuta ɗaya, sai ka ninka da yawan waɗanda ka jera. Monitar da aka bari ta kwanta kuwa ko wat guda ba ta cika sha ba. In a kan janareta kake, ko batirin sola, to ka fi ni sanin inda abin ke yi maka ciwo. Ga kuma rubutun nan mai juyi, ba a banza yake juyawa ba, kwamfutar ce ke aikin zana shi, tana ɗumi, fanka tana gudu tana zuƙo ƙurar hunturu tana cusawa ciki. Ka sa yaro ya kwance murfin ɗaya ka leƙa, za ka tarar da ƙura ta yi tabarma a kan fankar. In ka ga monitocinka sun kai yau da ransu, ka gode wa masu ɗauke wuta, su ne kaɗai ke ba su hutu a shagon nan.

To, kafin ka garzaya ɗakin karatu ka tono abin kare kai, ka dawo kana kumbura, bari ni in ba ka da hannuna. Ƙonewar allo ba ta mutu ba. Talabijin ɗin filasma sun yi fama da ita har manyan kamfanoni suka daina ƙera su a 2014. Yau kuma ta dawo a allon OLED, wanda ke kan wayoyi masu tsada da wasu talabijin da monitoci. Shi babu fitila guda a baya, kowane ɗigo shi ke samar da haskensa, saboda haka kowane ɗigo tsufansa daban, shuɗi kuma ya fi saurin gajiya. Wanda ya sha aiki ya dusashe ya bar maƙwabtansa, sai tabo ya fito. Kamfanin Apple da kansa ya faɗa, lokacin da ya fitar da iPhone X a 2017, cewa irin haka na iya faruwa idan hoto mai haske ya daɗe wuri guda.

In kana son ganin abin da idonka, shigo mota ka zo Farm Centre, ni zan biya maka kuɗin lemo. Ka tsaya kusa da mai sayen wayar hannu wanda ya san kan kasuwa. Kafin ya taya, zai ƙure hasken wayar, ya buɗe farin hoto, ya ɗan karkata ta. Nan take za ka ga sahun tsohon mai ita: layukan kibod a ƙasa, wurin agogo da batir a sama, wani lokaci har maɓallan TikTok a jere a gefen dama, dishi-dishi cikin farin. 'Yan kasuwa su ce waya tana da shado, farashi ya faɗo, mai sayarwa ya fara rantse-rantse. Haka talabijin ɗin OLED da aka bari a tashar labarai guda daga safe har dare, tambarin tashar yana iya zama a kusurwa ko an canza tasha.

A irin wannan allo sikirin seba yana da ɗan abin faɗa, muddin mai duhu ne, mai motsi. Amma masu ƙera su ba su jira ka ba. Na'urar da kanta tana gusar da hoton kaɗan-kaɗan yadda ido ba zai lura ba, tana rage hasken tambarin da ya ƙi motsi, idan an kashe ta da rimot kuma tana yin wani gyaran ɗigogi a ɓoye, shi ya sa ba a son a riƙa fizge mata waya daga bango nan take. Wayar da ke nuna agogo tana kulle, ka sa ido, agogon yana sauya wuri. Dell har garantin shekara uku ya bayar a kan ƙonewa a monitar Alienware da ya fitar a 2022. Duk da haka, tunda baƙi a OLED yana nufin ɗigon a kashe yake, babu kariyar da ta kai a kashe allon. Mun zagayo mun dawo kan dabarar John Socha. Kuma kada ka ɗaga murya da wannan hujja, don ko ɗaya ba ka da irin wannan monitar, kuɗin guda zai sayi rabin shagonka har da benci.

Amfani guda na yarda ya rage wa abin naka, shi ne kullewa. Ana iya saita shi ya nemi kalmar sirri kafin a koma aiki. A shago irin naka, inda furojet ɗin mutane ke zube a kwamfuta, ɗalibai kuma na shawagi da filash a aljihu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ko shi ba ya buƙatar rawa. Ka danna maɓallin Windows tare da L, ta kulle kafin ka miƙe daga kujera. A da akwai masu sa kwamfutarsu aikin gayya a lokacin hutunta. Daga 1999 zuwa 2020 miliyoyin mutane sun sa sikirin seba na SETI@home na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ke tace saƙonnin rediyo daga sararin samaniya ko za a ji ɗuriyar wasu halittu. Ba su ji kowa ba, amma dai sun nemi wani abu. Kai naka me yake nema, ban da a san kai Dakta ne?

Wani gargaɗi kuma, wannan ba wasa a cikinsa. Fayil ɗin sikirin seba a Windows manhaja ce cikakkiya, duk abin da wata manhaja za ta iya yi shi ma zai iya. Masu yaɗa bairos sun daɗe da gane haka, suna naɗe mugun abu cikin kifaye masu iyo ko ruwa mai gangarowa su ce kyauta ne. Ka hana yaranka sauko da su daga intanet, don kwamfutar da kowane filash na Samaru ke shiga cikinta ta ishi kanta da cuta.

Gobe da safe, kafin ka fara ba ni tarihin Sarauniya Amina da ganuwarta, shiga wurin saitin wuta. Ka sa allo ya mutu bayan minti 5, kwamfuta ta kwanta bayan minti 15 ko 20, ta nemi kalmar sirri idan ta farka. Da dare a kashe komai a tafi gida. Microsoft da kansa a kashe yake kawo sikirin seba a Windows 10 da 11, ya tura shi can wani lungu, sai mai naci irinka ke tono shi.

Ladan wannan karatu mazarƙwailar Maƙarfi ce, kwali guda, a ba direban da zai sauka a Unguwa Uku. Kada ka aiko mini da takardar godiya mai shafi uku da Turanci, ba a cefane da ita a nan.

Ubangidanka,
Bakano